Iska Na Wahalar Da Mai Kayan Kara: Faman Mahaya Keke A Hanyar Patagoniya

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa na Maris, watau daidai lokacin da hunturu yake lulluɓe ƙasarmu da hazo, waɗansu mutane maza da mata daga ƙasashe dabam-dabam sukan ɗaura kayansu a kan kekuna su nufi ƙarshen nahiyar Amurka ta Kudu. Inda suke dosa shi ne wani gari na ƙasar Ajantina da ake kira Ushuaia, wanda in ka wuce shi ba sauran kome sai 'yan tsibirai da teku, bayan teku kuwa sai ƙanƙarar Antaktika. Waɗansu daga cikinsu tun daga Alaska suka ɗauko hanya, can ƙuryar arewacin Amurka, kuma allon da aka kafa a inda hanyar mota ta ƙare, yamma da garin kaɗan, ya nuna cewa tsakanin wurin da Alaska akwai kilomita 17,848.

Mutumin da ya yi irin wannan tafiya ya riga ya hau duwatsu, ya ratsa hamada, ya sha ruwan sama da zafin rana. Duk da haka, da yawa daga cikin waɗanda suka rubuta labarin tafiyarsu sun nuna cewa babu abin da ya karya musu zuciya kamar iskar yankin ƙarshe na hanyar, wanda ake kira Patagoniya. Dutse kome tsawonsa yana da ƙololuwa, in ka kai ta kuwa gangara ce za ta biya ka wahalarka. Iska ba ta da ƙololuwa, ba a kuma ganinta balle a san inda za ta tsaya.

Ƙasar Da Mutanenta

Patagoniya ta haɗa kudancin ƙasashe biyu, Ajantina daga gabas, Chile daga yamma, duwatsun Andes kuma sun raba tsakaninsu kamar katanga. Iskar da ke tasowa daga tekun Pasifik tana zubar da ruwanta a gefen Chile, shi ya sa can ake da dazuzzuka da koguna. Kafin ta ƙetaro duwatsu ta bushe, sai ta faɗo wa gefen Ajantina da ƙarfinta amma ba ruwa. A wurare da yawa na wannan gefe ruwan saman shekara bai wuce milimita 200 zuwa 300 ba, watau bai kai rabin abin da Kano take samu ba. Saboda haka ƙasar fili ce fetal, sai gajeriyar ciyawa da ƙayoyi, da garkunan tumaki, da wata dabba 'yar'uwar raƙumi marar tozo da ake kira gwanako.

Lardin Santa Cruz, inda mahaya keke suka fi shan wuya, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 244,000, watau ya ɗara kashi ɗaya bisa huɗu na Nijeriya duka, amma mutanen da ke cikinsa ba su kai 400,000 ba. Babbar hanyar da ta bi gindin duwatsu ita ce hanya mai lamba 40, wadda tsawonta ya wuce kilomita 5,000 daga kan iyakar Bolibiya zuwa bakin tekun Atlantika a kudu. A kanta, tsakanin ƙauyen Bajo Caracoles da garin Gobernador Gregores akwai fiye da kilomita 200 ba tare da wani gari a tsakani ba. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin za mu komo kansa.

Iskar wurin ta shiga cikin rayuwar mutane sosai. A bakin hanya akwai allunan gargaɗi masu hoton itace da iska ta tanƙwara. Itatuwan da suka iya tsira a sarari duk rassansu sun karkata gefe guda kamar tuta. Masu gandun tumaki sukan kewaye gidajensu da layukan dogayen itatuwa don su tare iska, kamar yadda ake dasa shingen darbejiya a jihohinmu na arewa. Birnin Punta Arenas na Chile kuwa an san shi da igiyoyin da akan ɗaura a bakin waɗansu tituna don masu tafiya a ƙasa su riƙa kamawa ranar da iska ta haukace. Bugun iska mai gudun fiye da kilomita 100 a awa ba baƙon abu ba ne a can.

Daga Ina Iskar Take?

Asalin al'amarin daga rana yake. Rana ta fi dukan tsakiyar duniya, sai iskar wurin ta yi zafi ta tashi sama, ta bazu arewa da kudu. A hanya ta huce, ta yi nauyi, ta sauko wajen digiri 30 a kowane ɓangare. Da ta sauko sai ta rabu biyu, wata ta koma tsakiyar duniya, wata ta ci gaba zuwa ƙurya. Juyawar da duniya take yi ita ke karkatar da su duka. A ɓangarenmu na arewa, wadda ta juyo baya tana zuwa mana daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara ta kwaso ƙura, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ita ce iskar hunturu. A ɓangaren kudu kuwa, wadda ta ci gaba zuwa ƙurya takan karkata ta zama iskar yamma mai gudu zuwa gabas. Ashe ke nan iskar da ke tsattsage mana leɓe a watan Janairu da wadda ke ka da mahaya a Patagoniya 'ya'yan gida ɗaya ne.

Abin da ya sa ta kudu ta fi ƙarfi shi ne rashin abin da zai tare ta. Daga digiri 40 zuwa 60 kudu kusan duk teku ne. In aka ɗebe tsibirin Tasmaniya da kudancin Niyu Zilan, babu wata babbar ƙasa da ta kutsa cikin wannan yanki sai wutsiyar Amurka ta Kudu. Iska takan zagayo dubban kilomitoci a kan ruwa ba tudu ba daji, sa'an nan ta zo ta ci karo da wannan wutsiya. Matuƙan jiragen ruwa na zamanin da, waɗanda iska ce ke tura jiragensu, sun laƙaba wa yankin suna mai ma'anar "arba'in masu ruri". Wani abin ban takaici ga mahayi shi ne, iskar ta fi tsanani a watannin ɗumi, daga Oktoba zuwa Maris, alhali kuwa su ne watannin da sanyi ya fi barin mutum ya kwana a tanti.

Lissafin Da Ba Ya Tausayi

Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san iskar gaba tana da nauyi, amma ba kowa ya san yadda nauyin yake ƙaruwa ba. Masana sun tabbatar cewa turjiyar iska ba daidai da gudunta take ƙaruwa ba. In gudun iskar da ke bugun mahayi ya ninka sau 2, turjiya takan ninka sau 4. In ya ninka sau 3, ta ninka sau 9.

Ga misali. Mutum yana tafiyar kilomita 15 a awa ranar da ba iska, to iskar da yake tsagawa da ƙirjinsa ta kilomita 15 ce. Idan iska mai gudun kilomita 30 ta taso masa daga gaba, kuma ya nace sai ya riƙe gudunsa na da, abin da yake tsagawa ya zama 45, watau turjiya ta ninka sau 9. In iskar ta kai 45, abin ya zama 60, turjiya ta ninka sau 16. Babu ƙafar ɗan Adam da za ta iya biyan wannan bashi yini guda. Dole ya rage gudu, har ya komo kilomita 6 ko 7 a awa, abin da bai fi saurin mai tafiya a ƙasa ba da yawa.

Wani zai ce ai abin da iska ta karɓe a tafiya za ta mayar a dawowa. Lissafi bai yarda ba. A ce mahayi yana yin kilomita 20 a awa in ba iska, zai je wuri mai nisan kilomita 60 ya dawo, awa 6 ke nan. In iska ta mayar da shi 10 a zuwa, ta kai shi 30 a dawowa, zuwa ya ci awa 6, dawowa awa 2, jimla awa 8. Ya yi hasarar awa 2, domin ya daɗe cikin wuya, ya yi ɗan lokaci cikin daɗi.

Kayan da matafiyi ya rataya su ma suna ƙara masa aiki. Jakunkuna huɗu, biyu gaba biyu baya, da tanti da bargo a kan kariya, duk fili ne da iska za ta samu ta tura. Hausawa sun daɗe da gane wannan da suka ce iska na wahalar da mai kayan kara. Ba nauyin karan ne ke wahalar da shi ba, faɗinsa ne.

Akwai ma'aunin ƙarfin iska da wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, mai hawa daga 0 zuwa 12. Hawa na 6, kilomita 39 zuwa 49 a awa, shi ne inda manyan rassan itatuwa suke kaɗawa, riƙe laima ya yi wuya. Hawa na 8, kilomita 62 zuwa 74, shi ne inda ƙananan rassa suke karyewa, tafiya a ƙasa ma ta zama aiki. A na farko mahayi yana iya lallaɓawa. A na biyu, sauka shi ne hankali.

Iska Ɗaya, Fuska Uku

Akwai wani yanki na hanyar da ke nuna halin iskar duka cikin kwana biyu ko uku. Mahaya da yawa sukan biyo ta hanyar kudancin Chile da aka fara ginawa a 1976, mai tsawon wajen kilomita 1,240 daga Puerto Montt zuwa ƙauyen Villa O'Higgins. A nan hanyar mota ta ƙare. Sai a shiga jirgin ruwa a ƙetare tabki, in iska ta bari, domin akan yi kwanaki ana jira jirgin bai tashi ba. Daga ƙetare a yi wajen kilomita 20, ƙarshensu turba ce ta cikin daji da taɓo inda ake tura keke da hannu, a ɓangaren Ajantina, sa'an nan a ci gaba da tafiya har a kai garin El Chalten, wanda aka kafa a 1985 a gindin dutsen Fitz Roy.

Daga El Chalten zuwa El Calafate wajen kilomita 215 ne. Kilomita 90 na farko hanyar gabas ta nufa, a gefen tabkin Viedma, iska tana bayan mahayi. Ranar da ta tashi sosai mutum yakan share su kafin azahar, wani lokaci ma birki yake kamawa maimakon taka feda. Daga nan sai hanya ta juya kudu a kan lamba 40, iska ta koma bugun gefen dama na wajen kilomita 90 kuma. Sa'an nan, da gari ya kusa, sai hanya ta sāke juyawa ta fuskanci yamma sak. Kilomita 32 ɗin nan na ƙarshe, a gefen tabkin Argentino, suna iya cin lokacin da 90 ɗin farko suka ci, ko ma fiye. Iskar ba ta sāke ba, mahayin ne ya juya.

Wannan ne ya sa mafi yawan masu shirya tafiyar sukan zaɓi su taso daga arewa su gangara kudu, domin hanyar tana karkata gabas a hankali, iskar kuma sau da yawa daga yamma ko arewa maso yamma take. Wanda ya fara daga Ushuaia ya nufi arewa ya zaɓi ya yi makonni yana kokawa da ita fuska da fuska.

Inda Hatsarin Yake

Iskar gaba gajiya take kawowa, amma iskar gefe ita ke iya kisa. A Ajantina da Chile ana tuƙi ne ta hannun dama, kamar yadda muke yi a Nijeriya tun 1972. Wanda ya nufi kudu, yamma tana damansa, saboda haka duk bugun da iska ta yi tsakiyar titi take jefa shi, gaban motar da ke tahowa daga baya. Wanda ya nufi arewa kuwa iska tana hagunsa, dole ya jingina jikinsa wajenta don kada ta ture shi cikin rami. In babbar mota ta zo wucewa sai ta tare iskar farat ɗaya, shi kuwa yana jingine da abin da babu, sai ya zube wajen tayoyinta. A hanyar burji abin ya fi muni, domin taya ba ta da abin kamawa a kan tsakuwa.

Hatsari na biyu shi ne na ruwan sha, kuma nan ne za mu koma ga kilomita 200 ɗin nan da muka ambata. Mahayin da ya saba cin kilomita 100 a yini zai lasafta kwana 2, ya ɗauki ruwa da abinci na kwana 2. In iska ta mayar da shi kilomita 40 a yini, tafiyar ta zama ta kwana 5. Ba zai iya cewa bari ya ɗauki ruwan mako guda ba, domin kowace lita kilo guda ce. Bugu da ƙari, busasshiyar iska tana shanye gumi tun bai taru ba, sai mutum ya yi ta zubar da ruwan jikinsa bai sani ba. Haka kuma tana kwashe ɗumin jiki, har wanda ya tsaya hutawa da jiƙaƙƙiyar riga ya kama karkarwa ko da rana tana sama.

Na uku ba a jiki yake ba. Rurin iska a kunne tun safe har dare, kwana da kwanaki, ba inuwa, ba bango, ba abokin magana, yakan gajiyar da zuciya. Gajiyayyen mutum kuwa shi ne mai yanke shawarar da ba ta dace ba, kamar ya ce sai ya kai gari yau ko ta halin ƙaƙa.

Dabarun Masu Hanya

Dabara ta farko ita ce sammako. Sau da yawa iskar takan lafa da dare, ta fara tashi da hantsi, ta kai matuƙa da yamma. A watan Disamba yini a can yakan kai awa 16 zuwa 17, saboda haka wanda ya naɗe tantinsa da asuba yana iya cin rabin zangonsa kafin ta farka. A yau wayar hannu tana nuna hasashen gudun iska da inda za ta fito awa bayan awa, amma da yake babu sabis a mafi yawan filin, a gari ake dubawa a tsara kwanakin gaba kafin a fita.

Ta biyu ita ce rage faɗi. Akan matse kaya, a sa masu nauyi a ƙasa kusa da gindin taya, a ɗaure duk abin da ke kaɗawa, mahayi ya sunkuya, ya sa giya mai sauƙi ya riƙa juya feda a hankali maimakon ya danna da ƙarfi ya lalata gwiwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ta uku ita ce tafiya tare. Wanda ya maƙale a bayan ɗan'uwansa yana iya rage wajen kashi ɗaya bisa uku na aikin tsaga iska, sai su riƙa karɓa-karɓa. In iskar ta gefe ce, na baya yakan goce kaɗan ya fake a kafaɗar na gaba ta ɓangaren da iska ba ta bugu.

Ta huɗu ita ce sanin mafaka. Kafa tanti a sarari cikin irin wannan iska yana iya ƙarewa da karyayyun sanduna, risho ma ba ya kamawa. Saboda haka mahaya sukan kwana a cikin kwalbatin ƙarƙashin titi, ko kangon gida, ko su nemi izini a gandun tumaki ko sansanin ma'aikatan gyaran hanya. A garin Tolhuin, wajen kilomita 100 kafin Ushuaia, wani gidan burodi ya yi suna wajen ba mahaya keke masauki kyauta. Gobara ta cinye shi a watan Janairu 2021, daga baya aka sāke gina shi.

Ta biyar, wadda ta fi sauran wuya ga mai girman kai, ita ce zama. Jirgin fito da ke ƙetare mashigin Magellan zuwa tsibirin da Ushuaia take, da injinsa da kome, yakan dakata in iska ta yi yawa. Bai zama abin kunya ba ga mai keke ya yi kwana guda a bayan bango, ko ya tsai da mota ta ɗauke shi.

Waɗanda Suka Bi Hanyar

Wani Baturen Ingila mai suna Ian Hibell ya taso daga wannan ƙurya ta kudu a 1971 ya kai Alaska a 1973, har da ratsa fadamar Dariyen da ke tsakanin Kolombiya da Panama, inda babu hanyar mota. Daga baya ya ƙetare Sahara da kekensa. Bayan shekaru wajen 40 yana yawon duniya, ba hamada ce ta kashe shi ba, ba kuma iska ba. Mota ce ta buge shi a ƙasar Girka a 2008, yana da shekara 74.

Mark Beaumont, mutumin Sikotilan, ya bi hanyar daga arewa. Ya tashi daga Anchorage ta Alaska a 2009 ya isa Ushuaia a watan Fabrairu 2010, bayan kwana 268. A 2017 kuma ya zagaya duniya, wajen kilomita 29,000, cikin kwana 78 da awa 14 da minti 40, da taimakon ayarin motoci da ma'aikata. Abin lura shi ne daga Paris gabas ya nufa, ya kuma riƙe gabas a Rasha da Ostireliya da Kanada, watau inda iskar waɗannan yankuna ta fi turawa.

Mu ma muna da namu a tarihin doguwar tafiya da keke. A 1952 Olabisi Ajala, ɗan Nijeriya da ke karatu a Amurka, ya tuƙa keke daga Chicago zuwa Los Angeles, fiye da mil 2,000, cikin kwana 28, sanye da tufafin gida.

Mu Da Hunturu

Iskarmu ba ta kai ta Patagoniya ƙarfi ba, amma lissafin ɗaya ne, kuma wanda ke ɗauko itace ko buhun hatsi ko damin kara a keke zuwa kasuwa ya fi ɗan yawon duniya bukatarsa, domin shi abincinsa ne. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iska daga arewa maso gabas take, saboda haka wanda ya taso daga Maiduguri zuwa Kano tana kafaɗarsa ta baya, wanda ya taso daga Kano zuwa Maiduguri kuwa da ita zai yi ta karo. Da damina takan juya ta fito daga kudu maso yamma. Guguwar da ke gaban hadari a farkon damina kuwa, wadda galibi daga gabas take tasowa, tana da ƙarfin da za ta kwashe jinka da kwanon rufi, balle mutum a kan keke da kaya mai faɗi.

Saboda haka duk mai niyyar doguwar tafiya, kafin ya tambayi nisan gari, ya fara tambayar inda iska take fitowa a wannan wata, da lokacin da take tashi a yini. Ya lasafta ruwansa da kwanakin da iska za ta iya ƙara masa, ba da waɗanda yake fata ba. In kuwa ya ji ta fara ture shi daga gefen titi zuwa tsakiya, kuma ga ƙarar tirela a bayansa, to ya sauka ya riƙe kekensa har ta wuce.